Kantar littattafaina ta faɗo da tsakar dare: laifin katako ne ko na bango?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san akwai kafintoci da magina a cikinmu, don Allah a ba ni shawara.

Wata uku da suka wuce na ga hoton irin kantar nan da ake maƙalawa a bango ba a ganin abin da ya riƙe ta. Ba ƙafa, ba ƙarfe a ƙarƙashi, sai ka ce katakon daga cikin bango ya tsiro. Abin ya burge ni, ga shi ɗakina ƙarami ne, ba wurin ajiye kabad. Na je 'Yan Katako na Na'ibawa na sayi falanki guda mai ƙafa 12, kaurinsa inci ɗaya, faɗinsa inci 10, aka yanka min shi gida uku. Na ari diril a wurin maƙwabcina, na huda bango, na sa fisha uku (robar nan da ake cusawa a rami don sukuru ya kama), na ɗaure wani siririn katako mai inci biyu da sukuru, sannan na ɗora falankin a kansa da ƙusa da gam. Siririn na shafa masa fentin bango don ya ɓace. Guda biyu na yi, ɗaya saman ɗaya.

Daren Talata wajen ƙarfe biyu muka ji wani rugugi kamar an fasa shago. Uwargida ta ce ɓarayi ne. Ina haska tocila sai ga ta sama ta faɗo ta tafi da ta ƙasa, littattafai ko'ina, filasta ta ɓalle faɗin faifai. Allah ya taimaka yaro ba a gefen yake kwana ba. Fishar nan duk uku sun fito, da garin bulo manne a jikinsu.

To katakon ne bai yi ba, ko fishar ce, ko ni ne?

Ɗan Haya:
Malam kai ne, ba sai an kira alƙali ba. Allah ya tsare gaba. Ni dai tambayata ɗaya: mai gidan ya ga bangonsa?

Malamin Firamare:
Bai gani ba tukuna. Na rataya kalanda a wurin.

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye na gaba Malam. Kafin kowa ya ce komai, waɗanne irin littattafai ka jera, kuma bangon da wane bulo aka yi shi?

Malamin Firamare:
Baba, mujalladan tafsiri ne da na hadisi, masu bango mai tauri, kusan talatin a ta saman. Bangon kuwa wanda ya raba ɗaki da falo ne, ina jin inci shida ne.

Baba Kafinta:
To ai ka ba kanka amsa. Ɗana, na fi shekara arba'in ina riƙe da zarto, ban taɓa ganin katakon da ya tsaya a iska ba. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Waɗannan hotunan da kuke gani a waya, ku lura da abin da suke ɗorawa a kai: tukunyar fulawa, agogo, littafi uku a kwance. Ado ne. Kai kuma ka ɗauko karatun shekara ashirin ka ɗora wa sukuru uku.

Shawarata ba ta da daɗin ji. Ka je Ƙofar Ruwa ka sayi ƙarfen kwana, irin wanda ake gani a ƙarƙashin kanta, ka sa guda uku a kowace. Ko kuma a haɗa maka kanta mai ƙafa wadda nauyinta zai sauka a ƙasa, a ɗan ɗaure ta da bango don kada yara su jawo ta. Ranar da za ka tashi daga gidan ka ɗauki abarka. Mai haya ba ya shuka kuka.

Injiniyan Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na yarda da rabin maganarku, amma rabin da ya rage ina neman izini in ja. Ana iya yin kantar nan ta ɗauki littattafai, matsalar ita ce Malam bai san yawan ƙarfin da ya sa wa fisharsa ba. Malam, don Allah ɗauki mujalladi ɗaya ka kai wurin mai sikeli a auna maka.

Malamin Firamare:
Na kai shagon mai shinkafa da ke bakin layinmu. Kilo ɗaya da giram 300. Har yana tambayata ko sayarwa zan yi.

Injiniyan Zariya:
Madalla. Talatin sau 1.3 ya ba mu kilo 39. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, ka ga jarka ɗaya da rabi ka ɗora a bango. Mutane ba sa ɗaukar takarda a matsayin abu mai nauyi, alhali rim ɗaya na takardar A4 mai giram 80 kilo biyu da rabi ne, kaurinsa kuma wajen santimita biyar kawai. Jera su a tsaye tsawon mita ɗaya, kilo 50 ke nan, buhun siminti guda.

Amma ba nauyin kaɗai ya kayar da ita ba. Cika bokiti da ruwa ka riƙe shi a jikinka, ba komai. Miƙe hannunka gaba da bokitin, ka ji yadda kafaɗa za ta yi. Kanta haka take. Faɗinta inci 10 ne, santimita 25, tsakiyar nauyin yana wajen santimita 12 daga bango. Siririn katakon da ka ɗaure inci biyu ne, sukurun yana tsakiyarsa, wato tsakanin sukuru da gefen ƙasa inda katakon ke dogara da bango santimita biyu da rabi ne kacal. Lissafin shi ne 39 sau 12, a raba da 2.5. Ya kusa kilo 190 na fizga, ana jan sukurun nan waje kamar yadda ƙahon guduma ke zare ƙusa. Raba wa uku, kowace fisha tana fama da sama da kilo 60, dare da rana, wata uku. Ni mamakin da nake yi shi ne da ta kai wata ukun.

Ɗan Haya:
Wato fishar ma ta yi ƙoƙari, a ba ta lambar yabo.

Injiniyan Zariya:
Sai kuma bangon. Bulonmu na inci shida da na inci tara duk masu rami biyu ne a ciki. In ka huda, filasta za ka fara wucewa, wajen santimita ɗaya da rabi, sai fatar bulon wadda a na inci shida ba ta da wani kauri, daga nan sai iska. Filasta ba ta riƙe komai. Gajeriyar fisha rabinta a filasta take zaune, ɗan abin da ya rage ne ya kama bulo. In aka yi rashin sa'a mai buga bulon irin masu jan buhu ɗaya ne ya yi aikin buhu biyu, to yashi ka ɗaure wa sukuru. Garin da ka gani manne da fishar shi ke nan.

Baba Kafinta:
To Injiniya, ai maganata ka maimaita da lissafi. Bangon ba zai ɗauka ba.

Injiniyan Zariya:
Baba, ramin bulon ne ba zai ɗauka ba. Bulo tsawonsa inci 18 ne, yana da cikakken jiki a bakinsa biyu da kuma tsakiya. Kusan kowane inci tara akwai wurin da ba rami. Tunda magini rabi da rabi yake sarƙa bulo, waɗannan wuraren suna bin layi ɗaya daga ƙasa har sama. Ƙwanƙwasa bango da ƙotar sukurudireba, inda ya yi amo kamar ganga rami ne, inda sautin ya mutu nan ne wurinka. In aka samu fila ko linta a kusa, to kankare ne, ya fi komai.

Maman 'Yan Biyu:
Sallama gare ku. Ni daga Kaduna nake, kuma da hannuna na yi guda huɗu, biyu a kicin, biyu a ɗakin yara. Shekara biyu ke nan ko motsi ba su yi ba. Ba falanki guda na yi amfani da shi ba. Na sayi katako biyu-da-biyu a Panteka na haɗa shi kamar tsani a kwance: dogo ɗaya a jikin bango, gajeru biyar suna fitowa daga jikinsa. Na ɗaure dogon da dogayen sukuru shida, ba uku ba. Sai na rufe sama da ƙasa da filawud, na sa siririn katako a gaba ya rufe baki. In ka gani sai ka rantse katako ne guda mai kaurin inci uku, alhali cikinsa fanko ne.

Abu biyu na koya da wahala. Na farko, in ka huda rami ka fitar da ƙurar kafin ka sa fisha. Ni da robar ƙarin ruwa nake hurawa, amma a rufe ido. Fishar da ta zauna cikin ƙura juyawa kawai take yi. Na biyu, kada ka taɓa hudawa a saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa. Fayif ɗin waya ta nan yake bi. Na huda ɗaya, Allah ya sa ba wuta a lokacin. Ranar ce kaɗai na gode wa masu ɗauke wuta. Haka bangon da banɗaki ke bayansa, a yi hattara da fayif ɗin ruwa.

Ɗan Haya:
Hajiya ke da kanki kika riƙe diril?

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanina, hannun da ke tuƙa tuwon mutum goma sha biyu diril ne zai gagare shi? Wanda ya sayar min da katakon ma sai da ya ce in turo maigidan su yi magana.

Injiniyan Zariya:
Hajiya ta yi daidai, kuma ga dalilin da ya sa nata ya tsaya. Kauri shi ne sirrin. In ka ninka kaurin katako sau biyu, ƙarfinsa na ƙin lanƙwasa ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau takwas ne. Shi ya sa falanki mai inci ɗaya ke yin ciki bayan 'yan watanni, mai inci biyu kuwa ko a jikinsa. Sai dai Hajiya littattafan yara ne da gwangwanayen kicin a kan naki. Mujalladan Malam sai ƙarfe ya shiga ciki, domin inda gajerun katakon suka haɗu da dogon nan ne zai fara saki.

Mai Walda:
To an zo layina. Ina yi wa mutane wannan sosai. Ana samun filat ba, wato dogon shafaffen ƙarfe, mai faɗin inci biyu, mai kauri, ba irin na ƙofar kaji ba. A yanka tsawon kantar a rage kaɗan. Sai a yi waldar rodi mai kaurin milimita 12 a jikinsa, guda huɗu ga kanta mai ƙafa huɗu, kowane tsawonsa wajen inci bakwai in faɗin kantar inci 10 ne. A huda filat ba ɗin wurare da yawa, sama-sama ba tsakiya ba, don in an je bango a zaɓi ramin da ya dace da cikakken wurin da Injiniya ya faɗa.

Abin da yaran shago ke ɓatawa biyu ne. Suna zuba wuta a gefe ɗaya har ƙarfen ya lanƙwashe kamar baka, ka kai bango ya ƙi kwanciya. Ɗigo-ɗigo ake fara yi, a duba da sukwaya, sannan a cika. Kuma rodin ba a miƙe sak ake sa shi ba, ana ɗan ɗaga bakinsa sama kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana biyu a ƙarshensa. In nauyi ya hau sai ya sauko daidai. In ka sa shi sak, da an jera littattafai zai sunkuyar da kai.

Malamin Firamare:
Oga na gane. Amma ta yaya rodin zai shiga katakon? Hudawa zan yi?

Mai Walda:
Nan ne aikin yake Malam. Huda rami mai zurfin inci bakwai a gefen katako, ya tafi a miƙe, guda huɗu, kuma duk su dace da rodi. Da diril ɗin hannu in ka karkace kaɗan bakin zai ɓullo ta saman katakon. Kuma rodi mai 12 yana da gaɓa-gaɓa a jiki, ramin 12 ba zai shige shi ba sai 14. Wannan sai kafintoci.

Kafintan Zamani:
Yanzu kuka tuna da kafintoci? Ni abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutum zai kalli YouTube minti biyar ya ari diril, ya ɓata katako, ya ɓata bangon mutane, sannan ya zo zaure a koya masa sana'ar da muka yi shekara bakwai muna share shagon oga kafin a bar mu mu taɓa filen. Da ka kira kafinta tun farko da yanzu kana barcinka lafiya. Araha ba ta ado. Kowa ya tsaya a sana'arsa mana, ni na taɓa zuwa ajinka na ce zan koyar da lissafi?

Malamin Firamare:
Ɗan'uwa ba don araha na yi ba. Bara na ba wani kafinta kafin alƙalami ya yi min teburin karatu, wata biyar ina sintiri, kullum gobe. Daga ƙarshe kuɗin ma rabi na karɓo. Ban ce duk haka kuke ba. Kuma gaskiya ina jin daɗin aikin hannu, mahaifina da kansa yake gyara ƙyauren gidanmu. In kana son koyar da lissafi kuwa bismillah, aji huɗu na jiranka, mutum tamanin ne a ciki.

Kafintan Zamani:
A'a riƙe abinka.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. An buɗe zauren nan don a koya ne. Wanda zai taimaka ya taimaka.

Baba Kafinta:
Kai yaro mai cewa a tsaya a sana'a, wanda ya yi kanta ɗaya da hannunsa shi ne gobe ba zai yi maka ciniki kamar yana sayen tumatir ba, don ya san wahalar. Bar shi ya koya.

Malam, har yanzu ina kan bakana, mai ƙafa ta fi. Amma tunda ka nace, kada ka huda komai. Samo falanki biyu masu inci ɗaya. A goge fuskokin da za su haɗu su kwanta sosai. Ɗora ƙarfen da mai walda ya yi maka a kan ɗaya, ka zana inda kowane rodi ya kwanta da fensir. Sai ka fafe kwari da kurfi, rabin kaurin rodin a wannan falanki, rabi a ɗayan. Shafa farin gam ko'ina ban da cikin kwarin, ka kifa su, ka matse. In ba ka da abin matsewa ka jera bulo a kai ya kwana biyu. Ka samu katako mai inci biyu da ramuka huɗu miƙaƙƙu, ba ka huda ko ɗaya ba. A bayan kuma ka fafe wurin da filat ba zai nutse, don katakon ya sumbaci bango. In ka kifa su ka duba zanen shekarun itacen a bakin falankin, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, kowane zai hana ɗan'uwansa murɗewa. Daga ƙasa ka sa ƙaramin sukuru ɗaya ya danne rodi, kada yaro ya zaro ta.

Injiniyan Zariya:
Wallahi Baba wannan ba a aji ake samunsa ba. Allah ya ƙara girma.

Maman 'Yan Biyu:
Na kwafe wannan na ajiye. Baba wane katako za a saya?

Baba Kafinta:
'Yata, kafin suna a fara duba bushewa. Katakon da ke zuwa mana daga kudu da ruwansa yake isowa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka taɓa ka ji sanyi, ɗanye ne. In ka yi aiki da shi a watan Oktoba, kafin hunturu ya wuce ya tsage ko ya murɗe kamar kilishi. A saya a jera a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta ratsa, a bar shi makonni. Kada a shanya a rana.

Farin katakon nan mai arha na rufi a bar shi, laushi gare shi, sukuru ba ya zama, ƙwaro kuma na son sa. Za ka wayi gari ka ga gari kamar na tuwo a kan littafi. Malaina ba laifi in ta bushe, ba ta da nauyi kuma tana karɓar filen. Maɗaci ya fi kyau, ja ne, in aka goge da sanfefa aka shafa banish ba ya buƙatar fenti. Iroko gara ba ta cika damunsa ba, amma sai aljihu. MDF kuwa kada ma a kawo shi nan, garin katako ne da gam, yana yin ciki a ƙarƙashin nauyi, ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi. Da can da madobiya za mu ce, yanzu ina take?

Ɗan Jalingo:
Baba madobiya mu muka ga tafiyarta da idonmu. A nan Taraba Madrid ake ce mata. Shekarun baya tirela bayan tirela ake lodawa zuwa Legas, daga can sai Chana. Dazukan wajen Bali da Gashaka sun sha sara. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, amma kafin nan manyan sun tafi. Makiyaya ma sun ji a jikinsu, don ganyenta dabbobi ke ci da rani.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Duk maganarku ta bulon siminti ce. Mu gidanmu na banko ne, ginin ƙasa, an shafe shi da siminti ta waje. Fisha ba ta da aiki a nan ko kaɗan. Yaya za mu yi?

Baba Kafinta:
Kai naka ma ya fi sauƙi, kuma kakanninmu sun riga Turawa. Bangon ƙasa kauri gare shi. Ana fafe rami mai zurfi, a cusa guntun azara ko ƙirya, a cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bar shi ya bushe, sai a ɗora falanki a kan abin da ya fito. Azara gara ba ta cin ta, shi ya sa ake rufin soro da ita. Ko kuma ka yi alkuki babba, ka fafe bangon kansa ka jera littattafai a ciki, in kaurin ya isa. A zauren malaminmu na allo haka littattafansa suke, wasu a alkuki, wasu a gafaka a rataye. Sai dai ka riƙa duba bayan katakon, in ka ga gara ta fara jan layin ƙasa a bango ka kankare tun da wuri.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Baba. Alkuki akwai shi a ɗakin tsohuwata, fitila take sawa. Ban taɓa kawo shi a wannan lissafi ba.

Malamin Firamare:
To saura tambaya ɗaya. Da me zan ɗaure ƙarfen a bango, tunda fisha ta ci amanata?

Injiniyan Zariya:
Ba fisha ce ta ci amanarka ba, gajeriya ka saya. In ka dace da cikakken wuri, doguwar fisha mai kaurin milimita 10, tsawon santimita 10, da sukurunta mai kan noti ta isa, guda biyar ko shida. Rolbol, wato notin nan mai buɗe baki a cikin rami, na kankare ne, a bulo mai rauni fasa shi yake yi. Wajen hudawa ka kashe bugun diril ɗin, ka bar shi yana juyawa kawai, bugu yana farfasa fatar bulo ta ciki. Inda dole sai ka faɗa rami, buɗe ɗan wuri a sama da shi, ka cusa takardar buhun siminti ta toshe ƙasa, ka ɗura kwaɓin siminti mai ƙarfi, ka ba shi mako guda kafin ka huda. Ka ja layi da filam, abin auna lebur na magina, kada ka auna daga daɓe ko silin, ba kasafai suke lebur ba. Kuma kafin littafi ya hau, ɗora jarka biyu cike da ruwa su kwana, ba kowa a ƙarƙashi.

Ɗan Haya:
Yanzu an koma fasa bango da ɗura siminti a gidan haya. Malam kalanda nawa gare ka?

Malamin Firamare:
Gobe zan je in same shi in faɗa masa gaskiya. Dama filastar sai an gyara.

Malamin Firamare:
Jama'a na dawo bayan wata biyu. Mai gidan ya zo ya gani, ya yi shiru, ya ce in dai zan gyara kuma in bar kantar ranar da zan tashi, ba matsala. Maɗaci na saya, ya yi wata guda a jere a soro. Fafe kwarin ya ci min Asabar biyu da ɗan yatsa ɗaya, kurfin aro ne kuma ba kaifi. Wurare huɗu na dace da cikakken bulo, biyu na ɗura siminti. Jarka biyu sun kwana, da safe na auna bakin kantar ya sauka kamar kaurin tsinken ashana, daga nan bai ƙara ba. Yau kwana tara da jera littattafan. Ga hoto.

Mai Walda:
Ta yi kyau Malam. Ƙarfen bai ba ka wahala wajen kwanciya ba?

Malamin Firamare:
Bangon ne ma ba lebur ba, akwai ɗan tudu a tsakiya, sai da na kankare filasta kaɗan.

Baba Kafinta:
Ba laifi. Amma gefen hagu ya fi na dama sauka, ko idona ne?

Malamin Firamare:
Ba idonku ba ne Baba. Rabin santimita ne. Na ɗauka ba wanda zai lura.

Baba Kafinta:
Manyan mujalladan nan ka tura su can jikin bango, kada su zauna a baki. In damina ta faɗi katakon zai ɗan sha iska ya kumbura, ka duba sukurun ƙasan nan a watan Agusta ka ƙara masa ɗauri.

Kafintan Zamani:
Banish ɗin ya yi yawa a gaba, har ya yi hawaye. Ka bi shi da sanfefa mai laushi ka sake shafa siriri. Ta biyun fa, na ga ba littafi a kanta?

Malamin Firamare:
Uwargida ta ce tunda ita ta fi kowa firgita a daren nan, ta ƙasan tata ce. Kwalaben humra da kaskon turare ne a kai yanzu. Sauran littattafan suna cikin kwali, sai na sake komawa Na'ibawa.